Itatuwa Talatin da Aka Dasa Sau Huɗu

Kwanan baya jikan maƙwabcina, wanda ya gama makaranta yake zaman jiran aiki, ya ce mini da za a ba shi irin aikin da na yi da ya gode Allah, don ai ba komai ba ne illa haƙa rami da zuba ruwa. Ban yi masa musu ba. Ni ma abin da na ɗauka ke nan ranar da na shiga gandun renon itatuwa a nan Maiduguri, ina saurayi, da karatun aji biyu na firamare a kaina, wanda rabinsa ma a bakin taga na yi shi. Shi ya sa na nemi littafi da biro, na ce bari in rubuta muku yadda ake haƙa ramin da zuba ruwan, ku da kuke ganin abin banza ne. In kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da diga.

Aikin farko da Ba Modu ya ba ni shi ne tsintar abin da jemage ya tofar. Ba Modu shi ne babban leburan gandun, dattijo Babarbare mai ɗan ƙaramin jiki, wanda yake magana kamar yana tsoron kada Hausar ta ƙare masa. Ya kai ni gindin wata babbar darbejiya, ya nuna ƙasa, ya ce in tsinci ƙwallayen da jemagu suka tsotse suka yar, kada in taɓa wanda ya faɗo da ɓawonsa. Na ɗauka wulaƙancin sabon shiga ne. Ashe irin da jemage ya wanke da bakinsa ya fi saurin tsiro, kuma irin darbejiya ba ya jira, in ya daɗe a buhu ya mutu. Wata uku na yi ina bin bayan jemage da ƙwarya. Da mahaifiyata ta tambayi abin da nake yi a gwamnati, na ce mata ina ɓangaren tsuntsaye.

Cika leda shi ne na biyu. Baƙar leda ce mai tsawon tafin hannu da rabi, kana haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen kashin shanu, ka cika, ka buga gindinta a ƙasa sau uku, ka jera a ƙarƙashin rumfar zana. In ka danna da yawa ruwa ba ya shiga, in ka bari sako-sako ta kife. Ban ruwa kuwa da garwa muke yi, wadda muka huhhuda gindinta da ƙusa, don in ka kwarara ruwa kai tsaye ka tono irin. Kuma kowane mako biyu sai ka ɗaga kowace leda ka sauya mata wuri, don in ka bar ta saiwa za ta huda ta kama ƙasa, ranar da ka zo ɗauka ka tsinke ta. Dubban ledoji, a sunkuye. Har yau in na yi ruku'u sai hannuna ya nemi abin ɗagawa.

Abokan gabarmu biyu ne, gara da akuya. Gara tana aikinta a ɓoye, tana da kunya. Akuyar Maiduguri kuwa a gabanka za ta cinye aikin wata shida tana kallon idonka. Ni na kawo dabarar zuwa kasuwar kifi ta Baga Road muna roƙon tsofaffin kwandunan banda, mu cire musu gindi mu kife a kan dashe. Akuya ta daina zuwa. Sai dai duk wani kare da kyanwa da ke unguwar suka dawo suna tono gindin itacen suna neman kifin da hancinsu ya yi musu alkawari. Ba Modu ya dubi ramukan ya dube ni, ya ce, "Akuya ta fi."

Masu zuwa karɓar dashe kala-kala ne. Akwai mai gidan da zai tambaye ka ko mangwaron nan zai yi 'ya'ya bana, don yana da baƙi. Akwai wanda zai ɗauki goma don kyauta ne, bayan wata guda ka wuce ƙofar gidansa ka gan su a jere cikin ledarsu sun bushe kamar tsinken tsire. Sai kuma manya, waɗanda ba sa zuwa, mu muke zuwa musu. Duk damina ana bikin dasa itatuwa: mu haƙa rami, mu kawo dashe, babban baƙo ya sunkuya da babbar riga ya tura ƙasa da sabon shebur, a ɗauki hoto, a kawo masa ruwa da sabulu. Ruwan da yake wanke hannu da shi yakan fi wanda itacen zai samu har ya mutu.

Koyar da yara ba a aikina yake ba. Ogan ofishinmu, Malam Kyari, shi aka ce ya riƙa zagaya firamare kafin ranar biki yana yi wa ƙananan yara bayanin kare muhalli. Ya je sau ɗaya, ya yi musu Turanci rabin awa, yara uku suka yi barci, ɗaya ya yi fitsari. Ya dawo ya ce, Sale, kai da bakinka ba ya hutawa, daga yau kai ne. Ya ce in faɗa musu hamada tana matsowa daga arewa, itace ne kaɗai ke tare ta.

Ranar farko na shiga aji ɗaya a wata firamare ta unguwar Wulari, na ce musu hamada ta taso a ƙafa, ta riga ta wuce Gubio, kuma duk garin da ta tarar ba itace haɗiye shi take yi har da tukwane. Wani ya tambaya ko tana da haƙora. Na ce manya. Wata ta tambaya ko za ta iso kafin a tashi. Kafin in ba da amsa rabin ajin ya fashe da kuka, biyu sun fita ta taga sun nufi gida. Malamar ajin, Malama Rifkatu, wata doguwar mata 'yar Biu wadda ba ta ɗaga murya, ta ja ni waje ta ce, "Baba Sale, ɗan shekara shida ba ya iya riƙe tsoro. Ka ba shi abin da zai riƙe da hannu."

Na koma gandu na yi tunani, abin da ban saba ba. Da na dawo sai na zo da dashe guda da reza. Na zana itace a allo, suka ce kaza ce, na goge. Na zaunar da su a ƙasa na ba su doka uku, ina yi ina nunawa. Ta farko, kafin ka dasa ka yage leda, don wanda ya binne itace da ledarsa ya sa masa likkafani, kuma ledar a tattara ta kada dabba ta ci. Ta biyu, ka duba saiwa, don ganye ado ne, saiwa ce itacen. Ta uku, ban ruwa da la'asar ake yi, kuma duk wanda kuka gani yana taɓa itacenku, ku riƙe hannun juna ku kewaye shi ku yi ta ihu har manya su zo, ko da ubanku ne. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya mai suna Fanna, wadda haƙoranta na gaba suka zube, ta ɗaga hannu ta ce, ko kai ne? Na ce ko ni ne. Aka yi dariya, har da ni. Daga nan makarantu suka riƙa aikowa a turo musu Baba Mai Dashe, ni kuwa na sayi hula sabuwa na fara tafiya kamar sufeto.

Sai shekarar farin nan ta zo, lokacin soja, wadda kogin Ngadda ya ƙi zuwa. Famfon gandu ya riƙa tari ba ruwa. Muna ji muna gani layi-layi na dashe suka ƙone, muna zaɓen wanda za mu ba ruwa kamar masu rabon gado. Da lokacin biki ya zo, abin da ya rage mai kyan gani talatin ne cif, darbejiya duka. Malam Kyari kuwa yana da biki biyar a takarda, kowanne an rubuta itace talatin, kuma an riga an gayyaci manya. A shekarar ana ta rage ma'aikata, ya ce mini a fili in aka ji kunya a ko da biki ɗaya ne, sunan lebura ake fara gogewa. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, ga hatsi ya yi wuya.

Dabarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce tunda babban baƙo ba ya leƙa rami, mu sa dashen da ledarsa, mu rufe baki da ƙasa. In an watse, bayan kwana biyu in zo da baro in ɗage su in kai biki na gaba. Malam Kyari ya ce shi bai ji abin da na ce ba, amma in kula kada ledar ta leƙo. Ba Modu ya ce, "Itace ba tabarma ba ne," ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Ta yi aiki kamar me. Aka dasa su a harabar wani ofishi, na kwashe. Aka dasa su a wani asibitin sha-ka-tafi, na kwashe. Aka dasa su a bakin wani titi, na kwashe. Duk inda aka tambaya, sai a ce akuya. Ban taɓa sanin zan ci amanar akuya ba sai shekarar. Akwai wani babban mutum da ya dasa itace guda sau biyu a mako ɗaya, har ya ce da ni wannan ya fi na rannan lafiya. Itatuwan kansu sun saba, suna jin ƙarar baro ka ga kamar sun miƙe.

Na huɗu shi ne firamaren Wulari, ran Litinin. Na biyar wata firamare a Ajilari, ran Alhamis. Duka biyun na riga na je na koyar da dokokina uku.

Ran Laraba da la'asar na turo baro na shiga makarantar Wulari, don na san an tashi tun azahar, kuma da la'asar ake ɗaga dashe kada rana ta buge shi. Na durƙusa gaban na farko, na tura yatsu ina neman bakin leda. Babu. Na ƙara tonawa. Sai saiwa tsirara, a shimfiɗe cikin danshi, an yi mata gado mai kyau kamar ni na yi. Na matsa na biyu, haka. Na uku, haka. Ina durƙushe ina tunanin ko aljanu ne, sai na ji ƙarar gwangwani a bayana. Na juya. 'Yan aji ɗaya ne, sun fi ashirin, kowanne da gwangwanin madara cike da ruwa, wani ruwan wanke-wanke, wani ragowar na alwalar babansa. Sun zo ban ruwa da la'asar. Ni na ce musu la'asar.

Ba su yi shawara ba. Suka ajiye gwangwanaye a hankali kada ruwa ya zube, suka riƙe hannun juna, suka kewaye ni da ni da baron, suka buɗe baki. Ban san ƙaramin yaro yana da wannan maƙogwaro ba. Na ce ni ne fa, Baba Mai Dashe. Suka ƙara murya. Na miƙe zan tsallake, wani ya rungume ƙafata ya zauna a kai. Mai rake ya bar rakensa ya zo, mata suka leƙo ta katanga, wani tela ya taho da almakashi a hannu. Can sai ga Malama Rifkatu, da yake gidanta na bayan makarantar, ta zo da garin tuwo a hannunta.

Ta tambaye ni lafiya. Na ce na zo duba saiwa ne, kamar yadda doka ta biyu ta ce.

Fanna ta ce, "To baron na mene ne?"

Na dubi baron kamar yau na fara ganinsa.

Malama Rifkatu ta yi mini bayani a hankali, yadda tela ba zai ji ba. Ran Talata da safe wani yaro ya ga baƙin abu ya leƙo a gindin itace, ya ja, ya ga leda. Suka tona sauran suka ga duk haka suke. Ba su zargi kowa ba. Tausayin manyan baƙi suka ji, suka ce ba a koya musu ba ne, tunda Baba Mai Dashe bai je ajinsu ba. Suka roƙe ta reza, suka yi safiya guda suna cire wa itatuwa likkafani suna mayarwa. Tana cikin faɗa sai Fanna ta saki hannun na kusa da ita, ta ciro ƙunshi daga jakarta ta miƙo mini: yagaggun ledoji talatin, an wanke an ninke, an ɗaure da zare. Ta ce sun ajiye mini ne kada akuya ta ci. Ta koma ta riƙe hannun, suka ci gaba da tsare ni.

Malamar ta ce, "Baba Sale, na gane abin da ya kawo ka. Itatuwan ofishinku ne, ba zan hana ka ba. Amma a gabansu za ka tuge."

Ina so in ce muku zuciyata ce ta yi laushi. Gaskiyar ita ce dashen da aka cire wa leda a wannan yashin namu, in ka ɗaga shi ƙasar zubewa take yi, ba zai kai Ajilari da rai ba. Ga kuma tela da almakashi. Na ce wa yaran jarrabawa na yi musu, kuma sun ci. Ba su sake ni ba sai da na mayar da ƙasar ramuka ukun da na tona, Fanna na tsaye a kaina tana cewa ban danna da kyau ba.

Ran Alhamis da safe na hau babbar darbejiyar gandu da adda, na sassaro rassa talatin masu kyan ganye, na soke kowanne a sabuwar leda mai jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wallahi sun fi na gaskiyar kyau. Ba Modu ya zagaya su sau ɗaya, ya tambaya ƙarfe nawa ne bikin. Na ce goma. Ya ce, "Ba za su wuce sha biyu ba." Ya sa hularsa ya ce zai bi ni, shi da bai taɓa zuwa biki ba.

Babban baƙo bai iso ba sai sha ɗaya da rabi. Aka yi addu'a, aka yi jawabin maraba, aka yi jawabin godiya ga wanda ya yi jawabin maraba. Ina tsaye ina kallon rassana suna sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya kamar masu jin wa'azi. Ina bi ina yayyafa musu ruwa da baki. Da baƙon ya tashi dasawa, ina shirin in karɓa in jefa a rami da sauri, sai mai hoto ya ce zai fi kyau a sa yaro a ciki. Aka jawo wani ɗan aji ɗaya. Yaron ya karɓi leda, ya dube ni yana murmushi don in ga bai manta ba, ya sa haƙori ya yage ta. Ƙasa ta zube. Ya rage riƙe da reshe mai saran adda a gindi, fari fat.

Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Baba, ina saiwar?"

Baƙon ya dube ni. Na cire hula na ce, ranka ya daɗe, sabon iri ne da aka kawo saboda fari, saiwar daga baya take zuwa. Ya gyaɗa kai. Wallahi ya gyaɗa kai, har ya juya ya ce wa Malam Kyari a kai masa goma gidansa. Da a nan aka tsaya da na tsira. Sai idonsa ya faɗa kan Ba Modu, ya ga furfura, ya ce, Baba, kai da ka daɗe a aikin, yaya ka ga sabon irin nan?

Ba Modu ya karɓa, ya duba, ya mayar. Ya ce, "Sanda ce."

Washegari Malam Kyari ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya yi ta zagaya tebur. Ya ce zai kore ni. Ya zauna ya ɗauki biro, sai ya tuna takardar kora tana son dalili, dalilin kuma zai jawo tambayar inda itatuwa casa'in na bukukuwa ukun farko suke, waɗanda shi da hannunsa ya rubuta cewa suna nan suna girma. Ya ajiye biron. Ya ce tunda 'yan aji ɗaya sun fi ni sanin aikin, in koma ƙarƙashinsu. Aka rubuta an mayar da ni firamaren Wulari mai ban ruwa, aka karɓe baron, aka bar mini garwa biyu da sanda. Ƙarin girma kuwa ni da shi muka yi sallama daga ranar.

Ruwan daga wata rijiya nake ɗaukowa, tafiya mai nisa, sau shida a rana. Sha tara daga cikin talatin suka rayu, kuma a wannan shekarar ko gandu bai yi wannan ƙoƙarin ba. Sai dai tun ranar da na kama aiki, Fanna ta kafa tsari: duk lokacin da zan kusanci itace, yara biyu ne za su raka ni, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na ɗauka na mako guda ne. Fanna ta gama ta tafi. Malama Rifkatu aka yi mata canji. Itatuwan suka wuce rufin aji, suka yi kaurin da ko mutum biyu ba sa rungumewa, wanda ko da mota ba ka tuge su. Amma duk shekara 'yan aji ɗaya suna gadon aikin daga na gabansu, har da jerin sunayen masu rakiya a bangon aji.

Shekara goma sha huɗu na yi a haka. A makon da zan yi ritaya ina share ganye, da 'yan rakiyata biyu, na tsaya na tambayi ta dama, wata mai majina da ba a haife ta ba lokacin da abin ya faru, ko ta san dalilin da suke bina. Ta ce ba ta sani ba, haka suka tarar. Na tambayi na hagu. Ya ɗan yi tunani, ya ce shi dai an ce masa in ya ga na kalli itace da yawa, ya kira sauran.